Kai ƙaramin yaro Muzen Yamai: kwana nawa ya isa?

Da hutun sallah ya zo, iyalai daga Maraɗi, Tawa da Damagaram sukan nufi Yamai don yara su ga zaki, dorina da kada a Muzen Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. To amma in akwai ɗan shekara 2 ko 3 a goye, kwana nawa za a yi?

A ganina, kwana 3 a Yamai sun isa. Daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600, wuni guda ke nan cikin mota, don haka ranar farko a bar yaro ya huta. Rana ta biyu a shiga muze da sanyin safiya, da ruwan sha a hannu, a fito kafin azahar. Awa 2 sun ishe shi. In an zarce, ga rana, ga cunkoso, ga barcin ranarsa da aka hana shi, sai kuka da ƙin abinci.

Rana ta uku ta gaida dangi ce da sarin kaya a Babbar Kasuwa. Hajiya, ki tuna rumfarki tana rufe, kowane kwanan da kika ƙara kuma masu sayenki wurin maƙwabciya suke zuwa.