Bulo Mai Zare: Yana Hana Tsagewa, Amma Ba Ya Maye Gurbin Siminti

A 'yan shekarun nan, sassan injiniyan gine-gine na jami'o'i da kwalejojin fasaha a Najeriya sun cika da ɗaliban da ke kwaɓa siminti da abin da aka kwaso daga gona. Wani zaren ɓawon kwakwa yake zubawa, wani tukar rake, wani ɓawon rama, wani kuma zaren da ke saura bayan an matse manja. A yayyanka su gajeru, a cakuɗa da yashi da siminti, a buga bulo, a jira kwana 28, sannan a ɗora shi a injin matsa a ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Haka ake yi a Indiya da Malesiya da Brazil, kuma sun riga mu nisa a wannan fanni. Duk mai gini da ya ji labarin, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne an samo hanyar rage siminti. A nan ne ya kamata a dakata, domin zare yana da amfani na gaske a cikin bulo, amma amfanin nasa ba wannan ba ne.

Babban abin da ya tura mutane wannan nema shi ne tsada. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira dubu goma a garuruwa da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanoni aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Wannan kuwa a ƙasar da ke da masana'antu a Obajana da Kalambaina da Ashaka da Gboko. Mai albashi da ya sayi fili a bayan gari yana tara bulo ɗari-ɗari duk wata, shi ya san zafin abin. Akwai kuma dalilin da ya fi damun masana na ƙetare: yin siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, don haka duk binciken da ya ce zai rage shi yana samun masu saurare. Ga kuma tarin sharar gona da ake ƙonewa a banza, ga arhar gwajin kansa, wanda ɗalibi zai iya yi da 'yan buhunan siminti da buhun ɓawo.

Sai dai tushen maganar yana cikin halin kankare ne. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi, amma rago ne idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Ƙarfinsa na jurewa ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jurewa danni ba, shi ya sa ake saka rodi a fila da linta. Bulo ba shi da rodi. Da zarar 'yar tsaga ta kama shi, babu abin da zai tare ta, sai ta ratsa har ƙarshe. Idan akwai zare a ciki, kowane sili yana kwance a kan hanyar tsagar, yana riƙe gefe da gefe. Ka ɗauki bulo biyu ka sake su daga bayan mota: marar zaren ya tarwatse gida uku ko huɗu, mai zaren kuwa ya tsage amma ya zauna a haɗe, ka ga siraran zaruruwa sun miƙe a tsakanin ɓarin biyu. Wanda ya taɓa tsayawa ana sauke masa bulo, ya ga yadda kusurwoyi ke guntulewa, ya ƙirga asarar da ke cikin kowace mota, zai gane cewa wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Akwai wata ribar da ta shafe mu kai tsaye. Bulon da aka buga da hunturu ko da tsakiyar bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, iska da rana suna zuƙe ruwan samansa tun kafin siminti ya kama, sai fuskar ta yi ƙananan tsagu. Zare yana rage wannan sosai. Bulon kuma yakan ɗan fi sauƙin nauyi, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri kamar na zallar yashi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan dabara. Maginan gargajiya sun daɗe suna tattake ƙasa da yankakkiyar ciyawa kafin a mulmula tubali, don kada ya tsage idan ya bushe. Suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Laso ma, simintin da ake dalaye rufin soro da shi, haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya shaida ne cewa mutanen nan sun san aikinsu. To amma a nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ce tunda ciyawa ta zauna lafiya a cikin ƙasa, za ta zauna lafiya a cikin siminti. Ƙasa ba ta cin ciyawa muddin ta bushe. Siminti kuwa yana ci.

Ruwan da ke maƙale a ƙofofin kankare yana da kaifi ƙwarai, ma'auninsa na pH yana kaiwa 12.5 zuwa sama da 13. Matar da ta jefa kanwa a tukunyar wake ta san abin da ke faruwa: abin da yake da tauri sai ya saki, ya yi laushi. Irin wannan aikin ruwan siminti yake yi wa zare, sannu a hankali yana narkar da danƙon da ya haɗa silin zaren da juna. Bayan haka sinadarin farar ƙasa da ke fita daga siminti yana kutsawa cikin ramukan zaren ya daskare, sai zaren da aka saka don ya lanƙwashe ya koma abu mai karyewa. Duk damina ta jiƙa shi rani ya busar, aikin yana ƙara sauri.

An riga an sha wannan darasi da tsada. A shekarun 1970, bayan an tabbatar cewa ƙurar asbestos tana jawo cutar daji da ciwon huhu, aka shiga neman abin da zai maye gurbinta a kwanon rufi na siminti. Ƙungiyoyin raya ƙasa suka yaɗa fasahar yin rufi da siminti da zaren sisal a Gabashin Afirka, inda ake noman sisal da yawa. Da farko rufin ya yi kyau, daga baya ya riƙa tsagewa. Wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, Hans-Erik Gram, ya fitar da rahoto a 1983 wanda ya nuna cewa a yanayin zafi da damshi zaren yana rasa ƙarfinsa cikin watanni. Daga ƙarshe masu wannan sana'a suka koma yin ƙananan fale-falen rufi marasa zare sam. A Ostireliya kuwa an ci nasara, domin kamfanin James Hardie ya sauya asbestos da zaren itace a shekarun 1980, amma zare ne da aka dafa a masana'anta irin na yin takarda, aka haɗa da garin yashi, aka gasa allunan da tururi mai matsi. Tsakanin wannan da watsa ɗanyen ɓawo a cikin kwaɓi akwai tafiya mai nisa.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da yawancin sakamakon da ake yayatawa. Gwajin kwana 28 yana nuna zaren ne a lokacin da yake da ƙuruciyarsa. Mai gida kuwa ba don kwana 28 yake gini ba, yana so 'ya'yansa su gaji ɗakin.

Ko a cikin kwanakin farkon ma akwai wahalhalu. Busasshen zare yana shan ruwan kwaɓi, sai mai aiki ya ga kwaɓin ya yi tauri ya ƙara ruwa, ƙarin ruwa kuwa raunana siminti yake yi. Zaren da ya kumbura da ruwa idan ya bushe sai ya motse, ya bar rami a kewayensa. Idan ya yi tsawo ko ya yi yawa sai ya dunƙule wuri guda, musamman ga masu juya kwaɓi da shebur a ƙasa. Tukar rake tana da nata aibin, domin ɗan sukarin da ya rage a cikinta yana jinkirta kamawar siminti, idan ya yi yawa ma ya hana shi kamawa. Kuma abin da bincike da dama suka haɗu a kansa shi ne, ƙarfin ɗaukar nauyi ba ya ƙaruwa sosai da zare. Idan kaɗan aka zuba, wajen kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, ƙarfin yakan tsaya inda yake ko ya ɗan motsa. Da an zarce, sai ya fara sauka.

Yanzu a dubi inda wannan fasaha za ta sauka. Ƙa'idar NIS 87 ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya ta nemi bulo mai inci 6 ya kai ƙarfin 2.5, mai inci 9 ya kai 3.45, a ma'aunin niyuton kan kowace murabba'in milimita. Binciken da aka sha yi a garuruwa daban-daban ya nuna bulon kasuwa da yawa ba ya kaiwa nan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: buhun da ya kamata ya ba da bulo wajen talatin ana matsa masa ya haifi arba'in ko hamsin, yashin cike da laka, ban ruwan da ya kamata a yi mako guda ana yi sai a yi kwana biyu a loda a mota. Ka murza gefen irin wannan bulo da babban yatsa, yashi ya zubo maka a tafin hannu. Abin da nake tsoro shi ne a miƙa wa mai irin wannan aiki sabuwar hujja, ya ƙara rage siminti ya ce ai ya sa zare. Bulon zai isa wurin gini bai fashe ba, domin zaren ya riƙe shi, mai saye ya ɗauka ƙarfi ne. Alamar da a da take tona asirin bulo maras kyau, wato fashewa a hanya, ita ce za ta ɓace.

Duk da haka ban ce a watsar da maganar ba, domin an san maganin cutar. Zaruruwa ba ɗaya ba ne: na ɓawon kwakwa ya fi sisal da rama jure kaifin siminti nesa ba kusa ba. Ana kuma wanke zare a tafasa shi, ko a jiƙa shi a ruwan soda mai sauƙi, don a cire sukari da maiƙo, ya fi kama siminti. Mafi inganci shi ne a rage kaifin simintin kansa. Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Riyo de Janeiro, ƙarƙashin Romildo Toledo Filho, sun maye kusan rabin siminti da gasasshen yumɓu, suka ga zaren sisal ya riƙe ƙarfinsa bayan an sha jiƙa shi ana busarwa. Tokar buntun shinkafa tana irin wannan aiki. Buntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafa shanshera, kuma tokarsa cike take da sinadarin silika da ke cinye farar ƙasar nan mai lalata zare, in dai an ƙona shi a wuta mai ƙa'ida da ba ta wuce digiri 700 ba, aka kuma niƙa tokar ta yi laushi. Wanda ya bi ta Kura ko Argungu ko Birnin Kebbi ya ga tudun buntu a bayan injinan casa. A ganina nan ne arzikin Arewa yake a wannan fanni. Tokar ce ke iya rage siminti da gaske, zaren kuma ya hana tsagewa, kowanne da aikinsa.

Akwai kuma tambayar da masu rubutun bincike ba su cika yi ba: shin abin da suke kira shara, shara ne a wurinmu? Karan dawa da na gero abincin dabbobi ne, da su ake danni, da su ake girki. Harawa kuɗi ce, ɓawon rama igiya ne. Kwakwa kuwa ba a Arewa take ba, sai an ɗauko ɓawonta daga Badagiri ko wasu garuruwan gaɓar teku, kuɗin mota ya cinye arhar. Ko abin da ake samu kyauta ma, sai an tsince, an wanke, an shanya, an yanka shi daidai santimita biyu zuwa biyar, kuma duk wannan lada ne na ma'aikaci. Mai gidan bulo da ke ƙirga riba naira-naira ba zai ɗauki wannan wahala ba sai idan wani ya kawo masa zaren a buhu, a shirye, da ma'aunin da zai zuba wa kowane buhun siminti. Wannan sana'a ce da za ta iya tsayawa da ƙafarta kusa da kamfanonin sukari irin na Numan da Sunti, inda tuka ke taruwa wuri guda.

Hukuncina shi ne, a yau bulo mai zare ya dace da katangar gida, da bangon raba ɗakuna, da bulon shimfiɗa a tsakar gida, da bulon jar ƙasa da ake matsawa da ɗan siminti kaɗan, inda kaifin bai kai ya cinye zaren da sauri ba. Bai dace da harsashi ba, inda damshi ba ya yankewa, bai kuma dace da bangon da ke ɗauke da bene ba.

Ina kira ga Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya da jami'o'inmu na Zariya da Kano da Bauchi da su gina bangayen gwaji a fili, su bar su su sha damina biyar ko fiye, suna ɓallo bulo duk shekara suna aunawa, sannan su fitar da sakamakon da Hausa yadda mai buga bulo zai karanta. Kai kuma mai gini, idan aka tallata maka bulo mai zare, ka fara tambayar guda nawa aka buga daga buhu ɗaya, kuma kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa.