Lardin Siyana da Zanen Mulki a Bangon Majalisa

Lardin Siyana yana tsakiyar Italiya, cikin yankin Tuskani. Ƙasa ce ta tuddai, mai alkama da inabi da zaitun.

Daga 1287 zuwa 1355 attajirai tara ne ke riƙe da birnin, ana sauya su duk bayan wata biyu. A 1338 suka sa Ambrogio Lorenzetti ya zana musu sakamakon mulki a bangon ɗakin shawararsu. A bango ɗaya adalci ya tsaya: kasuwa tana ci, magina suna aiki, manoma suna huɗa ba fargaba. A ɗayan kuwa azzalumi ne mai ƙaho, an ɗaure Adalci a ƙasan kujerarsa, ƙauyuka suna cin wuta. Abin lura, a ganina, masu mulkin da kansu ne ke fuskantar zanen kullum suka zauna yanke shawara.

Annobar 1348 ta karya birnin, a 1555 kuma ya rasa 'yancinsa. Har yau dai mutanen lardin suna murza taliyarsu mai kauri, watau pici, da hannu, su barbaɗa mata cukun madarar tumaki na garin Piyenza.