Ruwan Zartsi da Lantarki: Daga Rijiyar Mai Zuwa Rijiyar Abala

Rijiyar man fetur ba mai zalla take fitarwa ba, ko da ta Agadem ce da ke ciyar da matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. Tare da ruwa man yake fitowa, ruwan da ya daɗe maƙale cikin 'yan kafofin dutse. Galibi zartsi ne: gishiri irin na miya ya fi yawa a ciki, sai sinadaran kalsiyam da magniziyam. Ruwan teku na ɗauke da wajen giram 35 na gishiri a kowace lita, amma a wasu filayen mai wannan ruwa ya ninka haka sau biyar ko fiye.

Narkakken gishiri shi ke ba lantarki hanya, mai kuwa tare shi yake yi. Da wannan dabara ma'aikatan wasu 'yan'uwa da ake kira Schlumberger suka zura waya cikin wata rijiya a Pechelbronn ta Faransa a 1927, suna auna yadda kowane hawa na dutse ke turje wa lantarki. A 1942 injiniya Archie ya fitar da lissafin da ke nuna yawan ruwa da yawan mai daga wannan awo. Sharaɗinsa shi ne a san zartsin ruwan da kuma zafinsa, don ruwa in ya ɗumama lantarki ya fi saurin ratsa shi.

Wani zai ce, mu Kurfayawa ina ruwanmu, tunda ba a haƙar mai a Abala ko Filinge? To, ai ruwa muke haƙa, kuma awon ɗaya ne, karatunsa kawai ake juyawa: zartsi na ba lantarki hanya, ruwan daɗi kuwa turje masa yake yi. A kwarin Dallol Bosso, wanda ake ɗibar kanwa a kudancinsa, rijiyoyi biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya garɗi ɗaya zartsi, ruwan da sabulu ba ya kumfa a ciki, ya bar farin ɓawo a gindin tulu. Ƙarafa huɗu da aka kafa a ƙasa, da waya da batir, suna iya nuna inda rairayi mai ruwan daɗi yake kafin motar haƙa ta ci kuɗin gari. A ganina, fara haƙa ba tare da wannan awo ba ganganci ne.

Masu cewa na'urar tana yaudara suna da hujja. Yumɓu ma yana ba lantarki hanya, sai a ɗauke shi ruwan zartsi. Busasshen rairayi kuma yana turjewa, sai a zaci ruwan daɗi ne. Su ma masu mai suna gamuwa da haka, inda ruwa mara gishiri ke yi musu kama da mai. Amma ba su yar da na'urar ba: samfurin ruwan suke ɗebowa su auna, su gyara lissafi. A nan ma abin yi ke nan. A fara auna ruwan tsoffin rijiyoyin kewaye, a tambayi maginan rijiya zurfin da suka tarar da yumɓu, sannan a kafa ƙarafa.