Koyon Kaɗa "The House of the Rising Sun" da Jita

Ka sani, ya kai mai karatu, daga cikin waƙoƙin Turawa da ɗaliban jita suka mayar tamkar darasin farko akwai wadda ake kira "The House of the Rising Sun", tsohuwar waƙar talakawan Amurka wadda ba a san wanda ya ƙage ta ba, mai ba da labarin wanda caca da shaye-shaye suka halaka a birnin New Orleans. Alan Lomax, mai yawon tattara waƙoƙin gargajiya, ya naɗe ta daga bakin wata yarinya a jihar Kentucky a 1937, Bob Dylan ya sa ta a faifansa na farko a 1962, amma ba ta game duniya ba sai a 1964, sa'ad da samarin Newcastle ta Ingila da ake kira The Animals suka kaɗa ta da jitar lantarki, har ta zama ta ɗaya a Ingila da Amurka. Salon makaɗinsu, Hilton Valentine, shi ɗalibai ke bi har yau.

Rukunan waƙar biyar ne kacal, wato kamun yatsu biyar da hannun hagu ke yi a wuyan jita, waɗanda masu fannin ke rubutawa da haruffa: Am, C, D, F da E. Huɗu daga ciki ba su da wata mushkila, domin yatsu uku sun wadatar, sauran tsarkiyoyin kuwa a sake suke. Jarrabawar tana ga F, inda wajibi ne manuniya ita kaɗai ta kwanta ta danne tsarkiya shida a gaɓar farko, wurin da suka fi tauri, alhali sauran yatsu uku na riƙe da nasu matsayi. A nan ne sauti ke shaƙewa, wuyan hannu ya yi tsami, da yawa kuma su jingine jitar su ce ba rabonsu ba ne. A ganina gaggawa ce ke kayar da su, domin akwai rangwame da malaman kiɗa suka yarda da shi: ɗalibi ya danne siraran tsarkiyoyi biyu na ƙasa da manuniya, ya kaɗa huɗu kawai, har ranar da yatsunsa suka yi kanta, sa'an nan ya nemi cikakken kamu.

Hannun dama kuwa, wanda jama'a ke raina aikinsa, shi ne ruhin waƙar. Valentine ba ya share tsarkiyoyin gaba ɗaya, bi yake yi ɗaya bayan ɗaya, ya fara daga mai kauri ya gangara zuwa siririya ya komo, bisa ƙidayar shida, da ɗan nauyi a kan ɗaya da huɗu. Sharaɗin ƙwarewa shi ne ɗalibi ya riƙa ƙidayar da baki, a hankali ƙwarai, ya lazimci sauyi guda, misali daga D zuwa F, ya yi ta muraja'arsa, kamar yadda almajiri ba ya wanke allo sai ya ba da hadda. Wanda ya yi sauri kafin sauyin ya zauna a hannunsa zai saba da ɗan jinkiri a daidai wannan gurbi, kuma kankare mugun sabo ya fi koyon sabon abu wuya nesa ba kusa ba.

Rera baitoci shi ne na ƙarshe, bayan hannuwa sun daina bukatar ido. Muryar Eric Burdon, mawaƙin ƙungiyar, tana hawa sama ainun, saboda haka wanda maƙogwaronsa bai kai can ba sai ya rera da ƙaramar murya a ƙasa, ko ya ɗaura wa wuyan jitar maɗaurin nan da ake kira kafo, ya matsar da shi gaɓa-gaɓa har sautin ya dace da muryarsa, kamun yatsun kuwa ba ya sauyawa.