GADON ƘASHI DA KARAYAR TSUFA

Sau da yawa a unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni akan ji an ce wata tsohuwa ta zame a bakin makewayi, ko ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, sai ga ƙugu ya karye. Jama'a su ce tsautsayi ne, a aika a kira maɗori. To, amma faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe riga, in ta karya babba, alama ce ƙashin ya daɗe yana lalacewa a ɓoye. Likitoci suna kiran wannan ciwo ostiyoforosis, watau cikin ƙashi ya rarake kamar icen da gara ta ci. Ba zafi, ba kumburi, sai ran da aka karye.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi shi ne, ƙarfin ƙashi gadonsa ake yi, kamar tsawo da kama. Masana sun gwada ƙasusuwan tagwaye, suka tarar fiye da rabin bambancin ƙarfin ƙashi tsakanin mutane daga iyaye yake. Shi ya sa a cikin 2008, da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar da ma'aunin hatsarin karaya mai suna FRAX, ta sa wannan tambaya a ciki: ko mahaifinka ko mahaifiyarka sun taɓa karyewa a ƙugu? Wanda ya ce i, hatsarinsa ya fi na wanda ya ce a'a.

A ƙasar nan akwai wani gadon kuma mai cin ƙashi, watau amosanin jini da ake kira sikila. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irinsa ba tare da ciwo ba. Wanda ya gada ta uwa da uba, jini yakan toshe a cikin ƙashinsa, har kan ƙashin cinya ya mutu tun yana saurayi. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta haɗa da awon wannan jini.

Gado kuwa, kowa ya sani, wani yakan tattala, wani ya ɓarnatar. Ƙashi yana ginuwa ne daga yarinta zuwa wajen shekara 30, daga baya ya soma raguwa, musamman ga mata bayan ɗaukewar haila. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban abin da ke lanƙwasa ƙafafun yara a can. Nono da kindirmo da miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi. Hasken rana da tafiyar ƙasa suna taimako. Taba da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuwa suna zaizaye ƙashi.

Saboda haka muna kira ga akawuna da malaman makaranta, ku da rubutu ya zama sana'arku, kowa ya zauna da dattawan gidansu ya tambaya: wa ya taɓa karyewa, a wace gaɓa, yana da shekara nawa, wa ya ranƙwafa da tsufa. A rubuta a ajiye. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga shi nan kan titin Zariya kusa da ku. Asibitin Ƙashi na Dala kuma tun 1959, zamanin En'e, yake aiki. Duk wanda ya haura 50 ya karye a ƙaramar faɗuwa, ko an ɗora ya warke, a kai shi likita ya duba sauran ƙasusuwan, a tafi da takardar nan a hannu. Karaya ta farko takan jawo ta biyu, ita kuwa ana iya tare ta da magani.