Daga Nineba zuwa Boɗinga: Me Ya Sa Rabon Ƙasa Ke Haifar da Yaƙi?

A shekara ta 681 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'ya'yan Sennakerib, sarkin Assuriya, suka kashe shi saboda ya tsallake babban ya naɗa ƙaramin, Esarhaddon, yarima. Da Esarhaddon ya hau, sai ya nemi toshe wannan ƙofa: a 672 ya rantsar da manyan ƙasa cewa ɗansa Ashurbanifal zai gaji Nineba, babban birnin Assuriya, wansa Shamash-shum-ukin kuma Babila. Shekara ashirin bayan rantsuwar wan ya yi tawaye, a 648 Babila ta faɗi bayan yunwa ta cinye ta, shi ma ya halaka.

Mu ma an yi irin wannan rabo a nan ƙasarmu. A 1812, yana zaune a Sifawa, Shehu Usmanu ya damƙa yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga, gabas kuma ga ɗansa Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Ya juya, amma bai ja daga ba. Sai a Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki kan 'yan tawaye, suka daidaita. An ruwaito cewa Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi.

Wasu za su ce tsoron Allah ne kawai ya raba lamurran biyu. Ba a musun wannan, amma bai hana rufe ƙofa ba. Wasu kuma su ce barazanar maƙiya ce ta haɗa su. To ai Assuriya ma tana da abokiyar gaba, Elam, a gefe, kuma da ita ɗin sarkin Babila ya ƙulla ƙawance. A ganina, bambancin yana ga halin wanda ya samu sama. Ashurbanifal ya bar wa wansa rawani ya riƙe iko, har gwamnonin Ur da Uruk, biranen ƙasar Babila, Nineba suke aika wa rahoto. Bello kuwa ya bar wa Gwandu, inda Abdullahi ya koma da zama, yammacin daula da gaske, har ta zama ita ke tabbatar da sarakunan Nufe da Ilori, ba Sakkwato ba.