CINIKI DA ALLAH



Ku tambayi yaro ɗan shekara biyar yadda Allah ya ke. Amsar da zai ba ku, a gidansu ya samo ta. In ubansa mai bulala ne, zai zaci Allah mai bulala ne. In uwarsa mai rarrashi ce, haka zai ɗauki Allah. Wata likitar hankali a Amurka, Ana-Maria Rizzuto, ta bincika wannan, ta buga littafi a kansa a 1979. Ba laifin yaro ba ne, gama da abin da ya gani ya ke auna abin da bai gani ba.

Sa'ad da ya ƙara wayo, sai ya koyi ciniki: in na yi kirki a ba ni alewa, in na yi ɓarna a doke ni. Ya ɗauka Allah ma haka ya ke. Abin tausayi, wani har ya yi furfura bai wuce nan ba. Ya yini a kasuwar Dantokpa yana taya kaya, da maraice ya shiga majami'a ya taya Allah: "Ga kyandir, ga addu'ar kwana tara, a ba ni riba." Ran da kasuwa ta ƙi, ko ɗansa ya mutu, sai ya ce an cuce shi, ya bar sujada. Ni kam ba na yi masa dariya, ciwonsa na gaske ne.

Amma ku dubi Rita, mutuniyar Italiya, wadda majami'armu ke ɗauke da sunanta. Bisa ga labarin da muka gada, an aurar da ita ga mutum mai zafin rai, daga baya aka kashe shi. 'Ya'yanta biyu suka ƙudura ɗaukar fansa. Ita kuwa ta yafe wa masu kisan, ta roƙi Allah ya tsare yaran daga zub da jini. Dukansu biyu ciwo ya ɗauke su, ba su rama ba. Ba miji, ba 'ya'ya. Da ciniki ta ke yi da Allah, a nan za ta rufe rumfa. Sai ta sulhunta gidajen nan biyu, ta shiga gidan sistoci a garin Kashiya, ta yi wajen shekara 40 tana yi masa bauta, har ta rasu a 1457.

Ran 22 ga Mayu ne idinta, ƙofa a buɗe ta ke ga kowa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.